Sharaɗin shaidu biyu da ya hana a rataye Katherine Harrison

A ranar 26 ga Mayu 1647 aka rataye Alse Young a Hartford, garin da ke bakin kogin Connecticut a Amurka, wai mayya ce. Shekara 45 ke nan kafin rikicin zargin maita na garin Salem da ya fi yin suna. Zuwa 1663 an kashe mutum 11 kan maita a yankin Connecticut, tara daga ciki mata.

Da yawa kan ce addini ne ya jawo. Ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don dokar 1642 da ta yanke wa maye hukuncin kisa daga Littafi Mai Tsarki aka ɗauko ta. Amma ni a ganina an tsaya a rabin hanya.

Dubi abin da ya faru a 1662. Yarinya 'yar shekara takwas, Elizabeth Kelly, ta kwanta ciwo tana kiran sunan wata maƙwabciya, tana cewa ita ke shaƙe ta. Ta rasu, matar ta gudu, gari ya ruɗe. Duk wanda ya taɓa ganin an taru a kan mara lafiya ana jira ya ambaci wanda ya kama masa kurwa ya san irin wannan zama. Kafin ƙura ta lafa an rataye mutum huɗu. Lokacin kuwa Gwamna John Winthrop ƙarami, wanda likita ne kuma ba ya saurin gaskata irin wannan zargi, yana Landan.

Sai batun Katherine Harrison ta garin Wethersfield. Mijinta ya rasu ya bar mata dukiya, kuma ba ta iya riƙe bakinta. Maƙwabta suka raunata mata shanu, sannan suka yi layi a kotu, kowa da abin da ya ce ya gani shi kaɗai cikin dare. A 1669 aka same ta da laifi. Winthrop ya ƙi gaggawa, ya nemi ra'ayin malaman coci. Su ma sun yarda akwai maita, ko kaɗan ba su musa ba. Amma sun ce sai an samu mutum biyu da suka shaida abu guda a lokaci guda.

Imanin mutanen bai motsa ba, ma'aunin hujja ne ya sauya, kuma daga cikin coci aka sauya shi. Tun bayan 1663 ba a ƙara rataye kowa kan maita a Connecticut ba.

Ita dai Katherine, da aka sake ta a 1670, sai da ta biya kuɗin shari'a kuma aka ce ta bar garin. Ta koma Westchester ta New York, can ma mutanen gari suka kai ƙara a kore ta.