Masu sayar da horon rubutu a intanet, ku ji tsoron Allah

Jiya da daddare ƙanena ya shigo ɗakina da waya a hannu, bakinsa har kunne. "Yaya, don Allah ara mini dubu 20. Wani ne zai koya mana rubutu a intanet, ya ce da waya kaɗai cikin wata guda ka fara karɓar dala." Wallahi nan take raina ya ɓaci. Fushina ba da yaron ba ne, da mai tallar ne, domin irin wannan ramin na faɗa a 2024, kuma har yau abin na ci mini rai.

Ni ma kuɗi na biya. Aka zuba mu a wani zauren WhatsApp, mu wajen ɗari, kullum ana turo mana hoton alat na dala don a ƙara mana kwaɗayi. Da aka zo karatun, abin da aka koya mana bai wuce yadda ake buɗe akawun da saka hoto ba. Bayan mako biyu malamin ya daina ɗaga waya.

Abin da ya kamata a faɗa mana tun ranar farko, shi aka ɓoye. Ba wanda ya ce mana a Upwork, wato shafin da ake neman irin wannan aiki a intanet, neman aikin ma da kuɗi ake yi: sai ka kashe abin da suke kira Connects, kowane ɗaya santi 15 na dala, kuma tura takardar neman aiki guda kan ci da yawa, ko an ɗauke ka ko ba a ko buɗe saƙonka ba. Ba wanda ya ce Fiverr, wani shafin irinsa, na cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu, sannan sabon shiga ya jira kwana 14 kafin kuɗin ya zama nasa. Waɗannan ƙa'idoji a rubuce suke a fili, kamfanonin ba su ɓoye ba. Mai horon ne ya yi gum, don ya san in ya faɗa rabin ajin ba za su biya ba. Mafi muni, har shawara ya ba mu mu yi ƙaryar ƙasar da muke zaune, mu ce muna Amurka ko Ingila. Ka koya wa yaro ƙarya, a rufe masa akawun da guminsa a ciki, kai kuma ka riga ka ci kuɗinka. Wannan wane irin rashin imani ne?

Sai da na shafe wata uku ina nema kafin na samu aikin farko, rubutu mai kalma 1,000 a kan dala 10. A watan Oktoban 2024 ne, daidai lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwana ta tashi cikin duhu fiye da mako guda. Batirin kwamfutata ba ya kai awa ɗaya. Na ɗauke ta na tafi wurin mai caji a bakin titi, na tarar da wayoyi jere a kan tebur kamar tumatir a kasuwa, kowace an manna mata lamba, janareta na ta ƙara, hayaƙi na shiga ido. Ya ce ba gurbi sai bayan magariba. A kan benci na zauna na ƙarasa rubutun da babban yatsa a waya, sauro na cizo, litar fetur kuwa ta haura naira 1,000 balle in ce zan tayar da injin maƙwabci. Na miƙa aikin a makare da awa shida. Mai aikin ya ba ni makin tauraro uku cikin biyar a shafin, kuma wannan tabon ya bi ni wata da watanni.

Ga masu cewa ka fara yi musu "samfuri" kyauta, ka kwana kana rubutu, su karɓa su ɓace. Ga waɗanda tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke yin rubutu da kanta, a ƙarshen 2022 suke kallon duk rubutu mai tsafta a matsayin na na'ura. Wani ya taɓa hana ni haƙƙina da wannan hujjar, a kan abin da na rubuta da hannuna. Data ma da ake taƙama da ita, a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Sana'ar nan gaskiya ce, ina yin ta, tana kuma rufa mini asiri daidai gwargwado. Shi ya sa nake jin zafin masu mayar da ita tarkon kama yaran da suka gama makaranta ba aiki, yaran da wasunsu kuɗin adashin uwarsu suke kawowa.

Na ce wa ƙanena ko kwabo ba zan ba shi ba. Ya ɓata fuska ya ce, "Haba Yaya." Na ce gobe bayan la'asar ya zo da biro da littafi, ya fara rubuta mini shafi ɗaya in gani, sauran ni zan nuna masa kyauta.