Neman Auren Mage a Zauren Mai Unguwa

(Bayan La'asar ne a zauren Mai unguwa. Liman na gefe yana jan carbi. Malam Tanko Bazazzagi, tsohon malamin dabbobi, yana zaune da kwando a gabansa an rufe da tsohon zani. Jauro na bakin ƙofa riƙe da igiyar wani jan kare mai ɗingishi. Sai ga Alhaji Ɗanlami, dillalin hatsi a Dawanau, ya faɗo yana huci.)

ALHAJI: Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ƙara na kawo.

MAI UNGUWA: Wa alaikumus salam. Zauna ka sha ruwa tukuna, Alhaji. Wa ya taɓa ka?

ALHAJI: Wannan bawan nawa mana. Tunda ya kwaso tarkacensa daga Zariya ya sauka a layinmu, barci ya ƙaurace mana. Duk magen da aka yar a bola, duk kwikwiyon da ya faɗa kwata, gidansa yara ke kaiwa.

TANKO: Ranka ya daɗe, ka ji bawa yana kiran ubangidansa bawa. Ina wuni, Alhaji? Ya kasuwa? Ya ɓeraye?

ALHAJI: Kar ka sako ɓeraye cikin maganar nan.

TANKO: Ai su suka sako kansu. A dubi kafaɗar babbar rigarsa.

ALHAJI: Ƙusa ce ta ja ta.

LIMAN: Lallai ƙusar nan haƙoranta sun cika.

MAI UNGUWA: Alhaji, zaure ne nan, ba rumfar kasuwa ba. Faɗi abin da ke tafe da kai.

ALHAJI: (ya sauke murya) Sun gama da ni, ranka ya daɗe. Buhunan masara sun huda, wake sun huda, riɗi kuwa kamar gadonsu. Duk wannan na haɗiye. Shekaranjiya na buɗe durowa na tarar sun cinye littafin bashi. Tun daga shafin farko har inda na tsaya. Yanzu duk wanda na tunkara da maganar kuɗina sai ya ce in nuna masa rubutu.

JAURO: Aradu ɓerayen nan sun san aikin lada.

ALHAJI: Saboda haka a ce wa Bazazzagi ya maido mini da magena.

TANKO: Wace magen? Wadda ka cusa a buhu ita da 'ya'yanta huɗu, ka aiki yaron shagonka ya jefar a bola ana tsaka da ruwan Agusta?

ALHAJI: Hajiya ce ta ce baƙa ce, kuma tana mata wani irin kallo da daddare. Ka san mata da tsoron mayu.

LIMAN: Subhanallahi. Alhaji, hadisi ne ingantacce, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi: an azabtar da wata mace saboda mage da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu.

ALHAJI: Allah gafarta Malam, ita tsarewa ta yi. Ni kuwa sallama na yi. Bakin buhun ma sako-sako na ɗaure.

TANKO: Ɗaurin dillalin hatsi? Ko ƙwayar gero ba ta samun hanya. Da wuƙa na yanka igiyar. Uwar tana ganin haske ta cika wandonta da iska, sai bayan kwana uku ta dawo. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba, ai sai sun yi mako guda zuwa kwana goma suke buɗewa. Na dumama ruwa a gora na naɗe da tsumma na sa musu a kwali, don sanyi ya fi yunwa saurin kashe su. Madara kuwa da sirinji, bayan kowace awa biyu zuwa uku, har tsakar dare. In sun sha, in jiƙa auduga da ruwan ɗumi in goge musu ƙasan wutsiya, in ba haka ba ba sa iya fitsari da kansu. Matata har ta tambaye ni ko kishiya na yi mata a ɓoye.

JAURO: Da ka faɗa mini da na kawo nono mai kyau, na farar saniyata.

TANKO: Madarar shanu zawo take sa su, Jauro.

JAURO: (ya miƙe) Nonon wa ke sa zawo? Tun kakana muke sayar da nono, ba a taɓa yi mana wannan ƙazafi ba!

MAI UNGUWA: Zauna, Jauro. Mage ake magana, ba mutane ba. Kai me ya haɗa ka da karen nan?

JAURO: Malam Tanko ne ya ba ni. Mota ta buge shi a titin Katsina, ya ɗauko ya ɗaure masa ƙafa. Ni kuma ɓarayin awaki sun dame ni a ruga.

ALHAJI: Kun gani ko? Mutum da gemunsa yana rungumar kare.

LIMAN: Ai wanda ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, gafara ya samu. Riƙon kare don kiwo ko farauta ko gadin gona kuwa shari'a ba ta hana ba.

TANKO: Kuma ban miƙa shi ba sai da aka yi masa allurar ciwon haukan kare. Ga katinsa a aljihun Jauro. A nan ƙasar ma ana haɗa allurar, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Shi ya sa in kare ko mage suka yi maka rauni, ka wanke da sabulu da ruwa na minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Har rana aka ware mata, 28 ga Satumba.

ALHAJI: Ikon Allah. Shekara talatin ina ciyar da jihohi da masara ba a ware mini rana ba, mahaukacin kare ya samu tasa.

MAI UNGUWA: Mu dawo kan mage. Malam Tanko, za ka bayar?

TANKO: Yanzu ni ne waliyyinta, ranka ya daɗe. Mai so ya nema ta hanyar da ta dace. Alhaji, mece ce sana'arka?

ALHAJI: Kai da kake cin bashin wake a wurina?

TANKO: Nuna mini rubutu.

(Liman ya rufe baki da hannun riga.)

TANKO: Ina za ta kwana? Me za ta ci?

ALHAJI: A sito mana. Ta ci ɓera. Ba aikin da aka ɗauke ta ke nan ba?

TANKO: Kai masara kake sayarwa, tsabarta kake tauna da safe? Za ka ajiye mata ruwa mai tsabta da abinci kullum. Kuma ka kwashe shinkafar ɓeran da ka barbaɗa a lungu-lungu, don in ta ci ɓeran da ya sha guba, ita ma tafiya za ta yi. Ka kuma rufe hatsinka da kyau. Ɓeran da ke yi maka fitsari a buhu, irinsa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969. Mage taimako take yi, ba ita za ta toshe maka ramuka ba.

ALHAJI: Na ji. Sadakin nawa ne?

TANKO: Naira 15,000. Kuɗin allura, maganin tsutsar ciki, da aikin da likita ya yi mata na tsayar da haihuwa.

ALHAJI: Tsayar da me? Wa ya ba ka izini? Ka san asarar da ka jawo mini?

TANKO: Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki. Tana iya haihuwa sau uku a shekara, huɗu-huɗu ko biyar-biyar. 'Ya'yan mata kuma kafin su cika shekara sun fara tasu.

ALHAJI: (yana lissafi da yatsu) Uku sau biyar, sha biyar. Shekara ta biyu kuma... Kai! Ko tunkiya ba ta wannan riba.

MAI UNGUWA: A wace kasuwa ake cinikin 'yan mage, Alhaji?

ALHAJI: (ya sauke yatsu) Babu.

TANKO: Sai buhu da bola, sai ni kuma in koma tashin dare da sirinji. Tausayi ba ya isa in ba a rufe famfon ba.

LIMAN: Malamai sun yi saɓani a kan dandaƙar dabbobi, amma akwai waɗanda suka halatta in maslaha ce kuma ba azabtarwa. Ya dai fi buhu nesa ba kusa ba.

ALHAJI: Ni fa na ga abin mamaki da na je Istanbul sayen kayan ɗakin 'yata. Mage na barci a kan kujerar mai shago, shi yana tsaye. Karnuka kuma kowanne da 'yar roba a kunne. Na ce wa mai yi mana jagora, wannan farashinsa ne aka maƙala?

TANKO: Bakano ke nan, ko a maƙabarta sai ya tambayi farashi. Shaida ce an kama shi, an yi masa allura, an dandaƙe, an maida shi unguwarsa. Dokarsu ce ta 2004. A 2024 ne suka sauya ta, suka ce a kwashe karnukan titi a kai gidajen ajiya, mutane suka yi ta zanga-zanga.

ALHAJI: Zanga-zanga a kan kare. To madalla. Na saya 5,000.

TANKO: Albarka.

ALHAJI: 7,000, ka bar wa Allah sauran. Ai bazawara ce, har da 'ya'ya huɗu.

MAI UNGUWA: Alhaji, biya 15,000 mu tashi, Magariba ta gabato.

(Alhaji ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya miƙa wa Mai unguwa, ya sa ido har suka shiga aljihun Tanko. Liman ya ɗaga hannu ya yi fatiha. Alhaji ya durƙusa ya yaye zanin.)

ALHAJI: Mus, mus. Zo nan, 'yar albarka. Ni ne, kin tuna ni?

(Magen ta ƙura masa ido, ta kwantar da kunnuwa, ta kafta masa farce a bayan hannu, ta bi ta tsakanin ƙafafun Jauro, ta haye katanga ta dira gidan Tanko.)

JAURO: Aradu ta tuna.

TANKO: An yi mata allura, amma duk da haka a kawo sabulu. Minti 15, Alhaji.

ALHAJI: Kuɗina! Ranka ya daɗe, a maido mini kuɗina!

MAI UNGUWA: An riga an shafa fatiha. Amarya yaji ta yi, sai ka shirya biko.

TANKO: Busasshen kifi take so. Na Baga, manya.

ALHAJI: (yana tsotsar hannu) In kawunan kawai na kawo fa?