Na'urar da ake dasa wa kifi ba ta aiki da GPS

Mutane da yawa idan suka ji ana dasa wa kifi na'ura a ciki, sai su ɗauka duk inda ya nufa ana ganinsa a taswira, kamar yadda ake bin sawun waya. Ba haka abin yake ba. Siginar GPS da ke zuwa daga tauraron ɗan'adam ba ta ratsa ruwa, ruwan gishiri kuwa nan take yake shanye igiyar rediyo.

Shi ya sa masu bincike suka koma ga sauti. Ana sa kifin barci da magani, a ɗan tsaga cikinsa, a tura na'urar, a ɗinke. Daga nan sai ta riƙa fitar da ƙara, galibi a kan kilohaz 69 (kilohaz ma'aunin kaifin sauti ne), ɗauke da lambar kifin, wani lokaci har da zurfin da yake. Na'urorin saurare da aka girke a ƙarƙashin ruwa su ke karɓar saƙon, jinsu kuma galibi ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci. Da zarar kifi ya yi nisa, labarinsa ya yanke.

Akwai ma wadda ba ta da batir ko kaɗan, tsawonta milimita 12, irin wadda ake sa wa kifin salmon a kogin Kolambiya na Amurka. Sai kifin ya gifta dab da eriya ake karanta lambarsa.

Na'urori masu auna bugun zuciyar kifi kuwa, yawancinsu ajiye bayanan suke yi, dole a sake kama kifin a ciro su. Nan ma akwai buƙatar hattara sosai, domin kifin da aka yi wa tiyata yakan ɗauki kwanaki kafin bugun zuciyarsa ya daidaita, alƙaluman farko ba abin dogaro ba ne.