Rakiya na je, ni na dawo da jinya

Duk wadda maigida ya ce mata "zo ki raka ni asibiti, yanzu za mu dawo", don Allah ta tsaya ta tambaya wane irin yanzu yake nufi. Ni dai nawa yanzun awa 19 ya ci cif.

Abban yara ya fi shekara yana fama da ciki, ga ƙwannafi ga zafi a ƙahon zuci, tsakar dare sai ya tashi zaune yana nishi. Likitan da yake gani ya gaji da rubuta masa omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, ya ba shi takarda ya je wajen ƙwararren likitan ciki a yi masa endoskofi, wato a zura masa wata siririyar roba mai kyamara ta baki har cikin tumbi a ga abin da ke faruwa. Wurin kuma tafiyar awa 5 ce a mota. Sharuɗɗa uku aka rubuto: ya ajiye maganin sati 2 kafin ranar, kar ya ci komai na awa 8, sannan ya zo da babban mutum wanda zai MAYAR da shi gida. Ni na ɗauka mayarwar ta riƙe jaka ce da cewa sannu.

Ƙarfe 4 na asuba muka ɗau hanya, shi ke tuƙi. Na ɗan ƙullo abin taɓawa a leda na cusa a jaka, amma duk sanda ledar ta yi ƙara sai ya juyo ya kalle ni irin kallon nan na maraya, ya ce "Ci abinki mana Hajiya, ni ai na saba da wahala." To wa zai iya haɗiya bayan wannan magana? Haka na mayar da hannuna, muka zama mu biyu masu jiran kyamara alhali cikina lafiyarsa ƙalau.

Mun isa ƙarfe 9, an ce ganin likita ƙarfe 10, ba a kira mu ba sai 2 saura. A tsakani na yi layin kati, na yi layin biya, na koma layin kati saboda wai rasit ɗin can ake buga masa hatimi, wayata ta mutu, wata baiwar Allah a gefena ta ba ni tarihin basir ɗin mijinta tun daga farkon aurensu. Da nas ta zo cike takarda ta ce "Ke ce mai tuƙa shi ko? Kin iya mota?" sai na ji bakina ya ce eh ina ɗan taɓawa. Gaskiyar magana da mota mai otomatik na koya, rabona da sitiyari shekara 3, tashi kuwa mai giyar hannu ce.

Aikin kansa minti 15 bai cika ba. Minti 15 fa jama'a! Ban gama gyara zama ba aka turo min shi a kan gado yana murmushi kamar sabon ango. Sun fesa masa maganin kashe maƙogwaro sun kuma yi masa allurar da ke sa mutum ya yi luƙus, nas ta ce irinta tana sa mantuwa, kar in damu in ya yi ta maimaita magana. Ya buɗe ido ya ce "An yi ne?" na ce an yi. Ya ce "Kai, ban ji komai ba." Ya lumshe ido, ya buɗe, "Hajiya, an yi ne?" Na ƙirga har sau 9 na bari. A cikin mayen nan ya yi min alkawarin sabuwar waya, ina murna nas ta ce yau ko takarda ba a yarda ya sa wa hannu ba, balle tuƙi, sai bayan awa 24. Ka ji hassada.

Likita ya nuna min hoton cikin mijina a kwamfuta, ja-jawur yana sheƙi, ga ɗan gyambo nan a farkon ƙaramin hanji. Ya tambaya ko yana shan maganin ciwon jiki, ina shirin rantsuwa ba ya sha sai mutumin ya ɗaga hannu daga kan gado ya ce "Ibuprofen, kullum biyu, yana nan cikin aljihun mota, kar ka gaya mata." Ashe shekara guda ina auna masa abinci ina hana shi wannan ina hana shi wancan, shi kuma yana bayan fage yana ƙwaƙule cikin da kansa. Likita ya ce irin su ibuprofen da diclofenac suna rage kariyar bangon ciki, su da wata ƙwayar cuta H. pylori su ne manyan masu kawo olsa, shi ya sa ya ɗan tsinko tsoka za a auna, in an same ta sai maganin kashe ƙwayoyi iri biyu da na rage asid na kwana 14. Daga nan ya juya wajen ɗalibansa ya shiga labarin wani likita ɗan Ostireliya, Barry Marshall, da ya kwankwaɗi ƙwayoyin cutar da kansa a 1984 don mutane su yarda, har shi da abokin aikinsa Robin Warren suka samu kyautar Nobel a 2005. Ni da rabona da abinci tun daren jiya, wallahi abin da na ji kawai shi ne wani ya samu abin sha.

Sai dawowa. A bakin get kaɗai motar ta mutu sau 4, na baya suna ta hon, maigadi ya zo taga yana cewa "Hajiya a hankali za ki saki kuloci", kamar ni ban san da a hankalin ba, ƙafar ce ke rawa. Da na samu na shiga giya ta uku ban sake fita ba, na riƙe ta riƙon amana, manyan motoci na wuce ni, masu babur na wuce ni, akwai wani mai keke da muka jima muna kallon juna. Shi kuwa da maƙogwaronsa ya saki ya laluba jakata ya cinye abin ledar nan tas, ya yi barci, ya farka ya ce an yi ne. Dare ya yi, wuyana ya sage, bayana kamar an sara, na miƙa hannu aljihun mota na taɓo ibuprofen ɗinsa, sai hoton gyambon nan ya faɗo min, na mayar. Saura kamar rabin awa mu isa allurar ta sake shi, nan take ya rikiɗe ya zama malamin tuƙi, "Sa ta huɗu mana, za ki kashe min inji." Ban tanka ba don ina tsoron abin da zai fito.

Ƙarfe 11 na dare muka shiga gida. Washegari ina kwance ƙafar hagu ba ta takuwa, na jiyo shi a waya garau yana ce wa ƙaninsa, "Ai ba wata wahala, rufe ido buɗe ido sai ga ni a gida." Maganar sabuwar waya kuwa ya rantse bai san an yi ba. Ya leƙo ɗaki ya ce an ce a koma karɓar sakamako bayan sati 2, in shirya tunda yanzu na san hanya. Na ce ya mayar da kiran nan, tunda ba wahala ƙanin nasa ya raka shi.