Naira ɗari uku na biya aka tona mini ƙarshen labari

Yau kwana biyar rabonmu da wuta a layinmu na Tudun Wada. Taransifoma ta sake ƙonewa, an sake zagayowa da littafi gida-gida, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, har yanzu shiru. Wannan ba shi na zo ƙorafi ba, mun saba. Abin da ya hana ni barci jiya wani yaro ne da na haifi wanda ya girme shi.

Akwai shirin nan mai dogon zango da ake binciken kisan wani attajiri, tun farkonsa nake bin sa. Mako ashirin ana neman wanda ya kashe Alhaji, an zargi amarya, an zargi direba, an zargi ɗan da ya dawo daga Turai. Sai aka sanar cewa fitowar wannan makon a kan maigadin gidan za ta tsaya, tsohon nan da aikinsa a shirin bai wuce buɗe ƙofa da "sannu da zuwa, ranka ya daɗe" ba. Ni kuwa tun fitowa ta uku idona yana kansa. Mutumin da ke kwana a bakin ƙofa, ya san mai shiga ya san mai fita, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi abin da ya gani.

Da safe a kan hanyar makaranta na bar wayata a shagon caji, na karɓi ɗan katin lamba. Bayan isha'i na koma. Janareto na ta ƙugi, hayaƙi ya cika rumfar, samari bakwai ko takwas a kan benci kowa ya sunkuya a kan waya. Yaron shagon yana bayan kwamfuta, abin sauraro a kunne ɗaya, yana ɓare gyaɗa.

Na yi sallama. Bai amsa ba. Na sake. Hannu ya miƙo, kai bai ɗago ba, ya karɓi katin, ya lalubo wayar ya turo mini ita a kan katako. Na duba: 34 cikin ɗari. Tun bakwai na safe.

Na ce, "Ɗana, ai ba ta cika ba."

"Batirinka ne ya mutu, Baba."

Na haɗiye. Na ce, "To, tura mini fitowar wannan makon."

Nan ne ya ga damar cire abin kunnen. Ya ɗaga murya yadda na kan benci za su ji: "Wacce, ta maigadin? Kai Baba, kada ka yi asarar kuɗinka. Ba a kama kowa ba. Tsohon ne ya binne wuƙar a bayan ɗakinsa, ya ɗauka 'yarsa ce ta yi kisan, ashe ba ita ba ce. Shi ke nan fa. Sauran duk kuka ne da tuna baya."

Wata biyar ina jiran wannan daren. Ya gama da shi kafin ya tauna gyaɗar da ke bakinsa.

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

"Taimakonka na yi."

"Ka taɓa ganin mai rake ya shanye maka shi, sannan ya miƙo maka ya ce ka biya?"

Na kan benci suka kwashe da dariya, kuma ba shi suke yi wa ba. Ya mayar da abin kunnensa a hankali, ya ce, "Baba, in sirri kake so ka sayi data ka kalla a ɗakinka. Mu nan sana'a muke." Wani daga ƙarshen benci ya ƙara da, "Ƙyale shi, ƙila shi ma gadi yake yi."

Shekara 23 ina riƙe da alli. Irin waɗannan yaran na koya wa baƙi da wasali, na raba su faɗa, na sayi biro da kuɗina na ba waɗanda ba su da shi. Madalla, ga sakamako. Kuma kun san abin takaicin? Na biya. Ɗari biyu na cajin da bai yi rabi ba, ɗari na turin labarin da aka riga aka tona mini. Na miƙa ɗari biyar, ya ce babu canji, in dawo gobe. Na sa wayata a aljihu na fito kamar wanda aka kama da kayan sata.

Duk da haka na kalla. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na rage hasken wayar har sai da na dinga ƙanƙance ido, sauro na nasu shagali. Wallahi tun da aka fara shirin ba a yi fitowa irin wannan ba. Akwai wurin da tsohon ya buɗe langar abincin da aka aiko masa daga cikin gida, ya ga shinkafar jiya ce, ya shinshina, ya yi bisimilla ya ci. Babu kiɗa, babu magana. Akwai wurin da ya kwance bakin zanen da yake ƙulle albashinsa, ya ƙirga sau biyu, kamar ƙirgawar za ta ƙara shi. Wanda bai taɓa jiran ƙarshen wata ba shi ne zai ce ba abin da ya faru a nan.

Yau da safe a teburin mai shayi batun ke nan, a ɗakin malamai ma haka. "An ja mana rai." "Mu mai kisa muke nema, ina ruwanmu da tsoho?" "Sun ga zango ya kusa ƙarewa suna ƙara ruwa a miya." Wata malama ce kaɗai ta ce ta yi hawaye, don ya tuna mata mahaifinta da ya yi gadin wani kamfani a Sabon Gari har ƙarfinsa ya ƙare, nan ma aka yi mata ca. Shirin ya nuna yadda ba wanda ke kallon maigadi, masu kallo kuma suka tashi suna fushi don an sa su kalle shi na awa ɗaya.

Da farko haushinsu na ji. Da na zauna na yi lissafi sai haushin ya sauya hanya. Mutumin da ya sayi data da kuɗin cefane, ya biya caji, ya lallaɓa batiri kamar mai jinyar jariri, ina ya ga haƙurin zama tsoho ya buɗe langa? Shi a ba shi mai kisa kafin waya ta mutu. Ko jin daɗin labari an mayar da shi na masu hali.

Wa ya kai mu nan? A 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, aka ce duhu ya ƙare. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai da baki ɗaya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya ta tsallake dubu, kuɗin caji ya bi ta a guje. Bayan an kasa masu amfani da wuta aji-aji kamar ɗalibai, a Afrilun 2024 aka ce 'yan rukunin A su biya naira 225 kan kowane awo su sami wuta, mu 'yan bayan aji mu sayi kyandir. A Oktoban 2024 dai, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta shafe fiye da mako a duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka zauna suna kallon juna. Janairun 2025 aka amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, garin da ya yaye injiniyoyin lantarki ba adadi, a nan malamin makaranta zai tsaya gaban yaro mai janareto yana roƙon a cika masa waya. Duk mai ɗan injin da ke ƙugi ya zama hakimi, sai yadda ya ga dama da kai. Su kuwa manyan da suka jawo mana wannan, ko fitilar ƙofar gidansu ba ta ƙiftawa, kuma na tabbata ba su san sunan maigadinsu ba.

Ban ma kai ƙarshen fitowar ba. Daidai inda jami'in binciken ya cire hularsa ya zauna a kan bencin tsohon, karo na farko a mako ashirin da ɗaya, ya buɗe baki zai yi masa tambaya, wayar ta ɗauke. Yanzu haka tana aljihuna a mace. Shagon caji na gaba sai na hau mashin, kuɗin mashin ya fi na cajin. In an tashi makaranta wurin yaron nan zan koma, in yi sallama ya ƙi amsawa, in tambayi canjina na naira ɗari biyu.