Su ma makaɗan fada ne: abin da na gani a zauren kiɗa na Berlin

Shekara shida ke nan ina zaune a Berlin, amma sai bara na fara taka ƙafa cikin zauren kiɗan da ake kira Philharmonie. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ba ni tikitin mijinta, ranar da ciwon ƙafa ya hana shi fita. Tun daga lokacin nakan koma in aljihu ya yarda, kuma duk daren da na dawo sai na kunna Ɗanƙwairo a waya kafin barci ya ɗauke ni.

An buɗe zauren a 1963, yana ɗaukar mutum 2,440. Makaɗan suna tsakiya, jama'a sun kewaye su ta kowace fuska kamar filin dambe. Mutum kusan ɗari ne a fage: masu goge ƙanana da manya, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganguna can baya. Kafin a soma, wani mai busa wata aba mai kama da algaita zai ja sauti guda, kowa ya daidaita kayansa da shi. Sai jagora ya shigo, ya ɗaga 'yar sandarsa, wurin ya yi tsit. Kiɗa ɗaya yakan kai minti arba'in ko awa guda, an kasa shi kashi huɗu, kuma ba a yin tafi tsakanin kashi da kashi. Ko tari mutum yake ji, riƙe shi yake yi.

Ranar farko tausayinsu na ji. Mutum ya goga har gumi ya jiƙa masa wuya, babu mai guɗa, babu sanƙira, babu wanda ya taso ya liƙa masa ko sisi. A wurinmu kiɗa zance ne tsakanin makaɗi da jama'a. Shata yana cikin waƙa ya hango wani ya shigo, nan take ya saƙa sunansa a ciki, 'yan amshi su karɓa, fili ya ɗauka. Har yau ina ganin a nan mun fi su, kuma shirun nan nasu ma daga baya ya zo. A 1778 Mozart, ɗaya daga cikin manyan masu tsara irin wannan kiɗa, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Paris yana murna cewa jama'a sun ɓarke da tafi ana tsakiyar kiɗansa.

Karatun tarihinsu ne ya sauya mini tunani. Ashe waɗannan da ake yi wa kallon manya, su ma makaɗan fada ne. Haydn, wani babban mai tsara kiɗansu, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ke so. Mozart kuwa da bayi da masu dafa abinci yake zama cin abinci a gidan babban limamin cocin Salzburg, har ya gaji ya bar aikin a 1781. Wanda ya san zaman Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa, ko na Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, ya san wannan rayuwa: ubangida ya ba ka doki da riga da hatsi, kai kuma ka raya sunansa.

Inda hanya ta rabu shi ne bayan da arzikin fadoji ya ja baya. A nan, gari da gwamnati da su kansu makaɗan suka ɗauki nauyin abin. Ƙungiyar da ke kiɗa a wannan zaure, makaɗa 54 ne suka kafa ta a 1882 bayan sun ɓata da maigidansu, kuma har yau su ke mulkin kansu. Da ƙuri'a suke zaɓen jagoransu. Haka suka zaɓi Kirill Petrenko a 2015, ya kama aiki a 2019. Sabon makaɗi sai ya yi gwaji a gaban 'yan ƙungiyar, ya yi zaman gwaji da kan kai shekara biyu, sannan su jefa ƙuri'a ko zai zauna. Suna da makarantarsu tun 1972, inda matashi ke koyo a gefen gwani. A Jamus kaɗai akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 120 da kuɗin jama'a ke riƙe da su, makaɗi yana da albashi da fansho kamar malamin makaranta. Shi ya sa Beethoven, shi ma mai tsara kiɗa, ya mutu tun 1827 amma a wannan makon ma mutane masu rai za su kaɗa abinsa da hannuwansu, wasu masu rai su zauna su ji.

Mu fa? Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Wasu 'ya'ya da almajirai sun yi ƙoƙarin riƙe gida, Allah ya saka musu, amma galibi in uban kiɗa ya faɗi, ƙungiya watsewa take yi. Wannan ya koma gona, wancan ya kama acaɓa. Abin da ya rage mana kaset ne da aka juye zuwa waya, sautin duk ya dishe. Jami'o'inmu sun rubuta kundaye masu yawa a kan baitocin waɗannan bayin Allah, kuma aiki ne mai kyau, sai dai baiti a takarda ba ya koya wa yaro yadda ake matsa kotso ko yadda taushi ke amsa wa ɗan'uwansa. Wannan ilimi a hannu yake da kunne. Matasanmu na ɗakin naɗar sauti kuma, kwamfuta da fiyano sun wadatar da su.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Muna son waƙar, muna raina mai ita. Mutum zai haddace Narambaɗa tun daga farko har ƙarshe, amma in ɗan makaɗi ya zo neman 'yarsa sai ya ce ai maroƙa ne. Maƙwabciyata kuwa, ranar da jikarta ta samu shiga makarantar koyon goge, sai da ta buga wa duk 'yan'uwa waya. Na san akwai waɗanda ke ganin kiɗa gaba ɗayansa bai halatta ba, kuma ina girmama matsayinsu. Maganata da mu ce, mu da ke kunna shi a mota safe da yamma.

Ba na fatan mu kwaikwayi baƙar kwat ɗinsu ko shirunsu. A bar mana guɗarmu da liƙinmu. Abin da nake so jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Katsina, ko masarautunsu, su yi, shi ne su ɗauki makaɗa ashirin ko talatin aiki na dindindin, a sa tsofaffin 'yan amshi su koyar da su, a ware dare ɗaya kowane wata da za a sayi tikiti a zauna a ji kiɗan kotso da taushi da kalangu da kuntigi daga hannun masu rai. Hukumomin raya al'adu suna nan, amma yawanci ba a tuna makaɗansu sai gwamna ya yi baƙo.

A unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana kaɗa kalangu a bayan wani babban mawaƙi. Muna yara mukan zauna a zaurensa ya nuna mana yadda kalangu ke kiran sunan mutum. Da na kira gida makon jiya na tambayi Inna labarinsa, ta ce Baba yana nan da ransa, idonsa ne ya yi rauni. Kalangun kuma yana rataye a zaure, fatar ta tsage, a cikin jikokinsa babu wanda ya taɓa sauke shi.