Komarov Na Finland Ne, Ku Ƙyale Lahesalu Ya Huta

To, na karanta. Duka maganganun da kuka rubuta a ƙarƙashin hotona na karanta, har da wanda mai shi ya goge da asuba yana zaton barci nake yi. Hoto ɗaya tal na ɗora daga filin ƙanƙara na Tondiraba da ke nan Tallinn, babban birnin Estoniya, na rubuta layi biyu a kan Lauri Lahesalu, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar hokin ƙanƙara ta ƙasar, shi ke nan sai wani bawan Allah, wanda na tabbata bai taɓa taka ƙanƙara ba sai wadda ake fasawa a zuba cikin zoɓo, ya fito ya yanke hukunci: wai mutumin ɗan wasan cike gurbi ne, tunda bai buga NHL ba, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, kuma wai idan ana maganar hokin ƙanƙara a Estoniya to Leo Komarov ne kaɗai abin ambato. Mutum goma sha suka bi shi da tafi. Ranka ya daɗe, masanin hoki na ƙasa da ƙasa, sannu da wannan dogon bincike na minti biyu.

Bari in faɗa tun yanzu, in kuma sake faɗa har sai kun gaji: Komarov ba ɗan wasan Estoniya ba ne. A garin Narva na Estoniya aka haife shi a 1987, wannan gaskiya ne. Amma yana ƙaramin yaro iyayensa suka ƙaura da shi Finland, a can ya koyi wasan, a can ya girma, rigar Finland ya sa tun yana matashi. Kofin duniya na 2011 da ya ci, Finland ya ciyo wa. Tagullar Olamfik ta 2014 a Sochi, ta Finland ce. Zinaren Olamfik na 2022 a Beijing, taken ƙasar Finland aka buga a kansa. Ya buga wa Toronto Maple Leafs, ya buga wa New York Islanders, ya ɗauki kofi da Dynamo ta Mosko. Gwani ne, babu mai musu, kuma ban ga laifinsa ba ko na ƙwayar zarra, don yaro ɗan shekara biyar ba shi ke zaɓar inda za a kai shi ba. Sai dai ko sau ɗaya bai taɓa sa rigar Estoniya ya shiga fili ba. To ta ina ya zama gwarzonta? Ta takardar haihuwa?

Na san inda muka samo wannan ciwon. Shi ne dai wanda ke sa mu yi ta ihu a gidan kallo muna cewa Saka namu ne, Alaba namu ne, alhali ɗaya Ingila yake wa aiki, ɗaya Ostiriya. Wanda ya tafi ya yi suna mu rungume shi, wanda ya tsaya yana shan dukan gida mu ce ba ya iyawa.

Lahesalu kuwa a Tallinn aka haife shi a 1979, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Yana ɗan shekara 12 Estoniya ta dawo da 'yancinta a 1991, wato ya taso ne daidai lokacin da tsohon tsari ya rushe, sabon bai miƙe ba, kowa na ta kansa yake yi. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 1.3, ba ta kai rabin birnin Kano ba. Kuma ko a cikin wannan 'yan tsirarun, hoki ba shi ne ɗan gaban goshi ba. Mutanen nan ƙwallon kwando suke so, da gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara, da tseren mota, musamman tun da Ott Tänak ya zama zakaran duniya a 2019. Hoki ya fi ƙarfi a arewa maso gabas, su Narva da Kohtla-Järve, inda aka fi jin Rashanci. A irin wannan wuri yaro ya ce shi da sanda da takalmi mai wuƙa a ƙasa zai ci abinci, ya kuma ci. Ya tsallaka Finland ya yi wasa, ya wuce Faransa ya yi shekaru, ya sa rigar Angers, ya sa ta Rouen. Rouen fa, ƙungiyar da ta ɗauki kofin babbar gasar Faransa sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013. Irin wannan ƙungiya ba ta ɗauko baƙo daga wata ƙasa don tausayi ko don ya cike mata benci. Kuma duk da haka idan kakar wasa ta ƙare, jiki ya yi laushi, abokan wasansa sun kama hanyar hutu, shi sai ya ɗaure kayansa ya dawo gida ya sa rigar ƙasarsa, shekara bayan shekara, har ya zama kyaftin ɗinta.

Ya dawo ya buga me? A nan ne nake so masu tafi su tsaya su saurara. Estoniya ba ta cikin rukunin manya inda Kanada da Suwidin da Finland suke fafatawa. A ƙananan rukunai take, tana karawa da irin su Lituweniya da Yukren da Japan da Romaniya. Ba kyamarorin duniya, ba kwangilar miliyoyi da ke jiran wanda ya burge. Za ka iya karya haƙarƙari a wasan da ko a labaran ƙasarku sai a ƙarshe za a ambata, bayan an gama da ƙwallon kwando. Mutum ya san haka sarai, ya zo. Shekara ta zagayo, ya sake zuwa. Wannan shi ne ɗan wasan Estoniya. Komarov na Finland ne.

Sai maganar da ta fi ba ni dariya, wai “ƙwallo nawa ya ci?” Malam, ɗan baya ne fa. Kowace ƙungiya mutum shida take da su a kan ƙanƙara: gola ɗaya, 'yan gaba uku, 'yan baya biyu. Abin da ake bugawa wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri kamar dutse, nauyinsa wajen giram 170, kuma idan ƙaƙƙarfa ya ɗirka masa sanda yana wuce gudun kilomita 150 a awa. Aikin ɗan baya ya haɗa da ya jefa jikinsa a gaban wannan abin da gangan. Da gangan, jama'a. Ya tare da ƙwauri, da cinya, da duk inda Allah ya sa ya faɗa. Yana gudu da baya a kan wuƙaƙe biyu yana fuskantar mutumin da ya taho masa a guje, idan ya juya da wuri an wuce shi, idan ya makara an wuce shi. Idan faifan ya tafi kusurwa, shi zai riga kowa zuwa, fuskarsa na kallon katanga, yana sane cewa akwai ƙato a bayansa da zai haɗa shi da allon. A cikin wannan daƙiƙa ɗaya ake so ya ɗaga kai ya miƙa wa ɗan'uwansa faifan daidai bakin sanda. Idan an kori nasu na minti biyu suka koma huɗu da biyar, shi ake turawa ya toshe ɓaraka. Wasa minti 60 ne, kashi uku na minti ashirin-ashirin, ana shiga ana fita duk bayan abin da bai kai minti ɗaya ba saboda tsananin gajiya, kuma manyan 'yan baya su ne suka fi kowa daɗewa a ciki in ka cire gola, sukan haura minti 20.

Duk wannan, wanne ne ke fitowa a jadawalin da ka leƙa? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan gaba ya zura ɗaya a yi ta maimaita hotonsa, ɗan baya ya hana biyar ba wanda ya ƙirga, ranar da ya yi kuskure ɗaya kuwa har kakarsa sai an ambata.

Wani ya ce ai ma'auni shi ne NHL, in ka isa za a ɗauke ka. To mu yi lissafi. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace tana sa 'yan baya shida a wasa, 192 ke nan a duk faɗin duniya, mafi yawansu daga Kanada da Amurka da Suwidin, inda yaro ke tashi ya tarar da fili a unguwarsu da koci da masu farautar 'yan wasa suna zagayawa. Duk wanda bai shiga cikin 192 ba ya zama ɗan cike gurbi? To kai a sana'arka na nawa ne a duniya? Toivo Suursoo ma, ɗan Estoniyar da Detroit Red Wings ta zaɓa a 1994, bai samu buga wasa a NHL ba, kuma har gobe da girmamawa ake kiran sunansa a nan. Robert Rooba, shi ma ɗan Estoniya, ya kai gasar KHL ta Rasha a 2021, aka yi ta murna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su sun san tsawon tafiyar da ke tsakanin Tallinn da waɗannan wurare.

Wani kuma, mai ɗan ilimi a cikinsu, ya kawo Latbiya: ai ita ma ƙarama ce, ga shi ta ci tagulla a gasar duniya ta 2023, ta doke Amurka 4 da 3, har aka ba da hutu a ƙasar. Na ji, na kuma taya su murna. Amma Latbiya tana da Dinamo Riga da ta yi shekaru a babbar gasar Sobiyet, ta fitar da manyan 'yan wasa irin su Balderis da Irbe da Ozoliņš, ɗan bayan da ya ɗaga kofin Stanley, wato kofin NHL, da Colorado a 1996. Hoki a can kamar addini ne. Ka ɗauko gonar da aka yi shekara hamsin ana zuba wa taki ka haɗa ta da fako, ka ce manomin fako rago ne. Wuce nan, malam.

Yanzu ba da wasa ba. Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne abin da nake gani da idona. Ranar Asabar da sassafe a lokacin hunturu, gari baƙi ƙirin har wajen ƙarfe tara, za ka ga uwa ta riƙo hannun yaro ɗan shekara bakwai, jakar kayansa ta fi shi girma, suna jiran bas zuwa Tondiraba. Filin nan sai 2014 aka buɗe shi, Lahesalu yana da shekara 35, wato shi bai more shi yana yaro ba. Yaron nan idan ya yi kyau, mafi yawanci jirgin ruwa zai hau, tafiyar awa biyu, kilomita 80 zuwa Helsinki, babban birnin Finland, don a can ne ake da gasar da za ta goge shi. Tambayar da ke gaban Estoniya kullum ita ce, idan ya tafi zai dawo ya sa rigar? Kuma wanda zai nuna masa cewa ana dawowa ba mai zinaren Beijing ba ne. Wanda ya yi ta dawowa ne, ba don kuɗi ba, ba don suna ba. Da Tallinn ta karɓi baƙuncin gasar rukuninsu a 2019 da 2023, yaran da suka cika kujeru suna kaɗa tuta mai shuɗi da baƙi da fari ai ba Finland suka zo kallo ba.

Ku 'yan Liverpool da kuka fi kowa zaƙewa a ƙarƙashin hoton, ku ne ma ya kamata ku yi shiru. Ragnar Klavan ɗan ina ne? Ɗan Estoniya, ɗan baya, kyaftin ɗin ƙasarsa a lokacin, wanda kuka ɗauko daga Augsburg a 2016 kuna yatsina fuska, har ya ceto ku da kai a minti na ƙarshe a gidan Burnley ranar 1 ga Janairun 2018. A ranar ai ba wanda ya tambayi ƙwallo nawa ya ci a rayuwarsa.

Don haka ku bar wa Finland Komarov ɗinta, ta gode, tana riƙe da abinta da kyau. Mai gogewa da asuba kuma, na adana hoton abin da ka rubuta, ba don komai ba, saboda tarihi.

Af, tunda an zo nan, masu tambayata ta saƙo me nake ci a garin nan: akwai wani gari da suke kira kama, na soyayyen sha'ir da hatsin rai da wake, ana dama shi da kindirmo a zuba sukari. Wallahi ranar da na fara sha sai da na ajiye cokali na yi shiru, don fura ce ta zo mini a rai, furar da ba citta ba kanumfari ba barkono. Na gwada barbaɗa masa yajin da na zo da shi daga gida, maƙwabcina Ba'estone ya ɗanɗana cokali ɗaya ya sha ruwa kofi uku. Yajin ma ya kusa ƙarewa. Duk mai tahowa ta wannan ɓangaren kafin sanyi ya shiga, don Allah ya yi mini magana.